Siffofin Abubuwa da Yadda Suke Sauya Kama: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da malamai da masu sana'ar hannu kan yi game da yadda abubuwa suke, da yadda suke sauyawa. Duk inda aka ambaci digiri a nan, ma'aunin Salshiyos ake nufi.

Mene ne siffar zahiri?

Ita ce duk wata alama ta abu da za ka iya gani, ko ka taɓa, ko ka auna, ba tare da ka mayar da shi wani abu dabam ba. Launi, wari, sheƙi, tauri, girma, nauyi, zafin da abu yake narkewa a kai, zafin da yake tafasa a kai, ko lantarki na bi ta cikinsa, ko maganaɗisu na jan sa, duk suna cikin wannan rukuni. Ka ɗora guntun jan ƙarfe a sikeli, ka auna tsawonsa, ka jona masa waya ka ga ko wuta za ta wuce. Bayan ka gama, jan ƙarfenka na nan yadda ka same shi.

Akwai kuma siffofin da ba a sanin su sai an sadaukar da abun. Ba yadda za ka tabbatar takarda na cin wuta sai ka ƙona ta, in kuwa ka ƙona ta, takarda ta tafi, sai toka da hayaƙi. Cin wuta, yin tsatsa da ruɓewa, su ake kira siffofin sinadari.

Su kansu siffofin zahiri iri biyu ne. Wasu sun dogara da yawan abun, kamar tsawo da girma da nauyi. Wasu kuwa ba ruwansu da yawa: cokali ɗaya na ruwa da cikin tanki duk a zafi ɗaya suke tafasa. Na biyun nan su suka fi amfani, domin su ne shaidar abu. In aka ce maka wani abu kilo 2 ne, ba a gaya maka komai game da ko mene ne ba. Amma in aka ce ƙarfe ne mai launin rawaya da ke narkewa a digiri 1,064, to an kusa ce maka zinare ne.

Ta yaya zan bambance sauyin zahiri da sauyin sinadari?

Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: an samu sabon abu, ko kuwa abun da aka fara da shi ne ya canza kama? Ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi, amma a duka ukun ƙwayar ruwa ɗaya ce, atom (wato ƙwayar zarra) biyu na haidurojin manne da atom ɗaya na oksijin. Abin da ya canza shi ne yadda ƙwayoyin suka jeru da saurin motsinsu. Wannan sauyin zahiri ne. Haka yanka waya, niƙa dutse, lanƙwasa ƙusa, fasa gilashi.

Ita kuwa ƙusar da aka bari a danshi har ta yi tsatsa, labarinta dabam. Ƙarfen ya haɗu da oksijin na iska da ruwa, an samu wani jan gari mai rugurgujewa wanda ba shi da sheƙin ƙarfe, ba shi da ƙarfinsa. Sabon abu ne, don haka sauyin sinadari ne.

A makaranta an ce mana sauyin zahiri shi ne wanda ake iya mayarwa yadda yake. Haka ne?

Wannan ƙa'ida tana aiki sau da yawa, amma ba ita ce ma'auni ba, kuma ina ganin ta fi kowace jawo wa ɗalibai ruɗani. Ka farfasa kwalba ta zama tsaki-tsaki, ka ga ko za ka iya haɗa ta yadda take. Ba za ka iya ba, amma kowane ɓarɓashi gilashi ne, ba a samu sabon abu ba. Ka goge katako da zarto, garin da ya zuba ba zai koma jikin katako ba har abada, amma katako ne. A ɗaya gefen kuma, batirin waya sauyin sinadari yake yi duk lokacin da yake ba da wuta, kuma kullum ana mayar da wannan sauyi baya in an jona shi a caji.

Haka alamomin da ake lissafawa, irin su canza launi, fitar kumfa ko fitar zafi. Alamu ne kawai, ba hujja ba. Ruwa mai tafasa yana kumfa, ƙarfe a wutar maƙera yana yin ja, kuma babu ɗayansu da ya zama sabon abu saboda haka. Duk wanda ya riƙe tambayar nan ta "an samu sabon abu?" ba zai ɓata ba.

Kyandir mai ci, wane irin sauyi yake yi?

Duka biyun, a lokaci guda. Ka zuba masa ido sosai. A gindin lagwani akwai ɗan tafki na narkakken kaki, yana gangarowa ta gefe, kafin ya kai ƙasa ya sake daskarewa. Wannan na zahiri ne. Lagwanin yana tsotso narkakken kakin sama, zafi ya mayar da shi tururi, shi ma na zahiri ne. A cikin harshen wutar ne tururin kakin yake haɗuwa da oksijin ya zama iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa, nan ne sauyin sinadari. Shi ya sa in ka hure kyandir ka yi maza ka kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin da ke tashi kusa da lagwani, wuta kan bi hayaƙin ta koma ta kama. Hayaƙin nan kaki ne da bai kai ga ƙonewa ba.

Me ke faruwa a cikin abu lokacin da yake narkewa ko tafasa?

Kowane abu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ba sa daina motsi. Abin da muke kira zafi shi ne ƙarfin wannan motsi. A daskararren abu ƙwayoyin suna riƙe da juna, kowace tana karkarwa a gurbinta, shi ya sa yake da siffa tasa ta kansa. In zafi ya ƙaru, karkarwar ta yi ƙarfi har riƙon ya sassauta, sai su fara zamewa a kan juna kamar mutane a cikin cunkoso, kafaɗa da kafaɗa amma kowa na tafiya. Abu ya zama ruwa-ruwa kenan, yana ɗaukar siffar mazubin da aka sa shi. In zafin ya ci gaba, sai su kuɓuce wa juna gaba ɗaya su watse, abu ya zama gas. Tazarar da ke shiga tsakaninsu ba kaɗan ba ce: lita 1 ta ruwa in ta zama tururi a digiri 100 takan cika wuri kusan lita 1,700.

An daɗe ana gardama kan ko ƙwayoyin nan da gaske suke. A 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan, Robert Brown, ya lura ta madubin ƙara girma cewa ƙananan ɓarɓashi a cikin ruwa suna ta rawa ba tsayawa. A 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin ruwan ne suke bugun su ta kowane gefe, sannan Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da haka da awo daga 1908.

Me ya sa ma'aunin zafi yake tsayawa cik lokacin da ƙanƙara ke narkewa, alhali wuta na ci a ƙarƙashinta?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin amsarta ta shafi abubuwa da yawa da muke gani kullum.

Ka cika tukunya da dakakkiyar ƙanƙara, ka soka ma'aunin zafi, ka ɗora a wuta kana juyawa. Ma'aunin zai hau zuwa sifili ya tsaya. Wuta na ci, ƙanƙara na raguwa, ruwa na ƙaruwa, amma lamba ba ta motsi. Sai guntu na ƙarshe ya ɓace sannan ta fara hawa. Ta kai 100 ta sake tsayawa, kuma ba za ta wuce ba muddin akwai sauran ruwa a tukunyar.

Zafin da ake zubawa ba ɓata yake yi ba. Yana tafiya ne wajen kwance riƙon da ke tsakanin ƙwayoyi, maimakon ƙara musu sauri. Shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma masanin sinadarai Joseph Black ne ya fara bayyana shi a Gilasgo ta Sikotlan a farkon shekarun 1760. Yawansa na ba da mamaki. Ana buƙatar jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne) don narkar da giram 1 na ƙanƙara, wanda ya isa ya ɗaga zafin giram 1 na ruwa daga sifili zuwa kusan digiri 80. Wato in ka haɗa kilo 1 na ƙanƙara mai digiri sifili da kilo 1 na ruwa mai digiri 80, abin da za ka samu shi ne kilo 2 na ruwa mai sanyi ƙalau, a sifili. Na tafasa ya ma fi: kusan jul 2,260 ga kowane giram, fiye da ninki biyar na zafin da ya ɗauko ruwan tun daga sifili har zuwa 100.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, ko da yake zafinsu ɗaya a ma'auni. Tururin da ya sauka a fata yana komawa ruwa, kuma yana sakin duk ɓoyayyen zafin nan a wurin. Ka kuma gane aikin gumi: kowane ɗigo da ya bushe a jiki ya tafi da zafi mai yawa. Firji da na'urar sanyaya ɗaki ma da wannan dabara suke aiki. Wani ruwa na musamman ne yake zama gas a cikin bututu ya kwashi zafi daga ciki, injin ya matse shi a waje ya koma ruwa ya zubar da zafin. In ka taɓa bayan firji ka ji ɗumi, zafin da aka fitar daga ciki ne kake ji.

Ruwa kullum a digiri 100 yake tafasa?

A'a. Ɗari ɗin nan ta tsabtataccen ruwa ce a daidai matakin teku. Tafasa na faruwa ne idan tururin da ke son fita daga ruwa ya yi ƙarfin da zai ture matsin iskar da ke danne shi. A kan tsauni iska ba ta da matsi sosai, don haka ruwa na tafasa da wuri. A ƙolin tsaunin Ebares, mai tsawon mita 8,849, yana tafasa a wajen digiri 70. In kuma aka rufe ruwa a tukunyar da tururi ba ya fita, matsi ya ƙaru, sai ya wuce 100 bai tafasa ba. Na'urar da asibitoci ke kashe ƙwayoyin cuta da ita a kayan tiyata tana kai tururi digiri 121 ta wannan hanya.

To yaya rigar da aka shanya take bushewa ba tare da ta tafasa ba?

Domin ƙwayoyin ruwa ba duka suke gudu da sauri ɗaya ba. A kowane lokaci akwai waɗanda suka fi saura ƙarfi, in kuma suna saman ruwan sai su tsere cikin iska. Wannan yana faruwa a kowane zafi, a hankali, daga sama kawai. Tafasa kuwa a zafi ɗaya take faruwa, kuma a ko'ina cikin ruwan, shi ya sa ake ganin kumfa na tasowa daga ƙasa. Rana da iska mai kaɗawa da baza rigar sosai duk suna hanzarta bushewa, iska mai laima kuma tana jinkirta ta.

Af, farin abin da kake gani yana tashi daga bakin buta ba shi ne tururin ainihi ba. Tururin ruwa ba a ganin sa. Ka duba daidai bakin butar, za ka ga ɗan sarari wayam kafin farin ya fara. Farin ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka huce, irin waɗanda suke yin gajimare da hazo. Raɓar safiya da gumin da kwalbar ruwan sanyi ke yi su ma daga iska suka sauko, ba daga cikin kwalbar ba.

Akwai abin da ke tashi daga daskararre ya zama gas ba tare da ya narke ba?

Akwai. Kafur da ake sawa cikin tufafi yana ƙanƙancewa har ya ɓace, bai taɓa jiƙa komai ba. Daskararriyar iskar kabon dayoksaid, wadda ake kira busasshiyar ƙanƙara, tana zama gas kai tsaye a digiri 78.5 ƙasa da sifili. Kada a taɓa ta da hannu tsirara, tana ƙona fata.

Me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa?

Kusan kowane abu in ya daskare yana tsukewa, ya fi narkakkensa nauyi, ya nutse a cikinsa. Ruwa ya fita dabam. Yana tsukewa in yana hucewa har zuwa wajen digiri 4, daga nan sai ya fara buɗewa, in ya daskare kuma ƙwayoyinsa su jeru cikin tsari mai kusurwa shida wanda ke da sarari a tsakiya. Girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firiza take fashewa, shi ya sa kuma bututun ruwa ke tsagewa a ƙasashe masu tsananin sanyi. Tsaunin ƙanƙara da ke yawo a teku, kusan kashi 9 cikin 10 nasa yana ƙarƙashin ruwa.

Ba ƙaramar rahama ba ce wannan. Tafki yana daskarewa ne daga sama, ƙanƙarar ta zama murfi, ruwan ƙasa ya zauna a wajen digiri 4, kifi su rayu har sanyi ya wuce. Da ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkuna da yawa sun daskare tun daga ƙasa.

Mene ne densiti, kuma da gaske ana gane zinaren jabu da shi?

Densiti shi ne nauyin da ke cunkushe a cikin wani awo na girma. Ɗauki ɗan kubu mai santimita 1 ta kowane gefe. In na ruwa ne, giram 1 ne. Na alminiyam 2.7, na baƙin ƙarfe kusan 7.9, na jan ƙarfe kusan 9, na darma 11.3, na zaiba 13.5, na zinare 19.3. Abin da densitinsa bai kai na ruwan da aka jefa shi ciki ba zai yi yawo, wanda ya wuce zai nutse. Saboda haka dunƙulen baƙin ƙarfe, har ma darma, suna yawo a saman zaiba, zinare kuwa ya nutse.

Awon ba shi da wuya. Ka auna nauyin abun, sannan ka tsoma shi a ruwa ka ga yawan ruwan da ya ture, ka raba na farko da na biyu. Giram 100 na tsantsar zinare zai ture ruwa ɗan sama da santimita kubu 5. Giram 100 na tagulla da aka yi wa rufin zinare zai ture kusan 12. Bambanci ne da ba ya ɓuya. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne masanin lissafi Arkimidis na birnin Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da wannan dabara ya gano an yi wa kambin sarki algus da azurfa. Masani Al-Biruni kuma, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi mai ɗan bututu a wuya yana tara ruwan da abu ya ture, ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja, kuma alƙalumansa sun zo kusa ƙwarai da na yau.

Sai dai a yi hattara, dabarar tana da iyaka. Ƙarfen tongstin densitinsa kusan 19.3 ne shi ma, don haka in aka lulluɓe shi da zinare awon ruwa ba zai tona shi ba. Dole a haɗa da wata siffa, kamar saurin tafiyar sauti a cikinsa ko yadda lantarki ke bin sa. Siffa ɗaya ba ta isa shaida, biyu ko uku in suka dace su ake yarda da su.

Jirgin ruwa kuwa, ko da yake ƙarfe ne, cikinsa fanko ne cike da iska. In ka haɗa ƙarfen da iskar ka yi lissafi, densitinsu bai kai na ruwa ba.

Nauyin abu yana canzawa in an kai shi wani wuri?

Yawan abin da ke jikinsa, wanda ake kira mas, ba ya canzawa. Jan da ake yi masa zuwa ƙasa shi ke canzawa. Jan duniyar wata kusan kashi 1 cikin 6 ne na jan duniya, don haka mutum mai kilo 60 in ya hau sikelin gida a can zai ga kusan 10, alhali ko tsoka ɗaya bai rasa ba.

In gishiri ya narke a ruwa, ina ya tafi?

Yana nan. Ruwa ya rarraba shi ne zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ka auna giram 100 na ruwa da giram 10 na gishiri, ka haɗa, sikeli zai nuna 110. Ka bar ruwan ya ƙafe, gishirinka zai fito fari a gindin mazubi. Shi ya sa littattafan makaranta suke sa shi cikin sauyin zahiri. Wasu masana sinadarai suna ganin yana kan iyaka, tunda ruwa yana raba sodiyam da kilorin da ke manne a cikin gishirin. Ni dai ina ganin wannan saɓani ba abin damuwa ba ne. Rabe-raben nan mutane ne suka yi su don sauƙaƙa fahimta, kuma ɗalibin da ya iya bayyana abin da ke faruwa ga ƙwayoyin ya fi wanda ya haddace suna kawai.

Narkewar tana da iyaka: giram 100 na ruwa a zafin ɗaki ba ya ɗaukar fiye da kusan giram 36 na gishiri, saura sai ya kwanta. Gishirin kuma yana canza siffofin ruwan. Ruwan teku, mai kusan giram 35 a kowane kilo, ba ya daskarewa sai kusan digiri 2 ƙasa da sifili.

Me ya sa ƙarfe ya fi katako sanyi in an taɓa, alhali a ɗaki ɗaya suke?

Zafinsu ɗaya. Fatarka ba ma'aunin zafi ba ce, abin da take ji shi ne saurin da zafi ke fita daga jikinka. Ƙarfe yana kwashe shi da sauri, katako kuwa da ƙyar. Jan ƙarfe ya fi katako saurin ɗaukar zafi sau dubbai. In ka bar su a rana sai abin ya juye, ƙarfen ya ƙona ka, katakon ya taɓu. Dalilin da ya sa ake yi wa kayan aikin wuta mariƙin katako ko roba kenan.

Lu'ulu'u, wato daimon, ya fi komai tauri, to me ya sa ake cewa yana fashewa?

Domin tauri dabam, juriya dabam. Tauri shi ne ƙin karcewa. A 1812 Friedrich Mohs na Jamus ya jera ma'adanai 10, kowane yana karce na ƙasa da shi, daga talk mai lamba 1 zuwa lu'ulu'u mai lamba 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, ma'adinin kwaz da ke cike da yashi yana 7, shi ya sa yashi ke karce gilashi. Amma lu'ulu'un da ke yanka gilashi, guduma na iya farfasa shi in ta same shi ta inda ƙwayoyinsa ke rabuwa.

Zinare kuwa laushi gare shi, taurinsa bai wuce 3 ba, amma ba ya fashewa. Giram 1 ana iya buge shi ya baje kusan murabba'in mita 1. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne lu'ulu'u da baƙin ma'adinin da ake haɗa cikin fensir da shi duk kabon ne zalla. Tsarin jeruwar atom ɗinsu ne kawai ya bambanta, ɗaya ya zama mai yanka dutse, ɗaya kuma yana gogewa a takarda.

Don me ake barin tsaga a jikin gada?

Abubuwa suna miƙewa in sun ji zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 100 in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 zai ƙara kusan santimita 3 da rabi. In bai samu wurin miƙewa ba sai ya lanƙwashe ko ya tsaga kankare. Wayoyin lantarki ma shi ya sa suke yin laƙo-laƙo da tsakar rana. Maƙera suna cin moriyar haka, su gasa zoben ƙarfe ya buɗe, su zura shi, in ya huce ya damƙe gam.

Kwalta daskararriya ce ko ruwa-ruwa? Gilashi fa?

Akwai ruwa-ruwan da kaurinsa ya kai har ya yi kama da dutse. A 1927 Farfesa Thomas Parnell na Jami'ar Kwinslan a Ostareliya ya zuba wata irin kwalta a mazurari, wadda in ka buge ta da guduma za ta farfashe. Aka bar ta tana ɗiga. Ɗigo na 9 ya sauka a 2014. Tana gudana, amma a shekaru.

Gilashi kuwa daskararre ne, ko da yake ƙwayoyinsa ba su jeru cikin tsari ba. Maganar da ake yi cewa tagogin tsofaffin gine-ginen Turai sun fi kauri a ƙasa don gilashin ya gangaro ba gaskiya ba ce. Yadda ake ƙera shi a da ne bai ba da kauri ɗaya ba.

Yanayin abu uku ne kaɗai?

Uku ne muka saba da su. Na huɗu shi ne filazma, wato gas da ya yi zafi har atom ɗinsa suka saki wasu ilekturon ɗinsu, wato ƙananan ɓangarorinsu masu cajin lantarki, ya zama yana ɗaukar lantarki. Rana da taurari filazma ne, haka walƙiya. Masanin kimiyya Irving Langmuir na Amurka ne ya raɗa masa suna a 1928. A ɗaya ƙarshen kuma, dab da digiri 273.15 ƙasa da sifili, wanda babu sanyin da ya wuce shi, Eric Cornell da Carl Wieman sun samar da wani yanayi a Kolorado ta Amurka a 1995, inda tarin atom ke yin hali kamar abu guda.

Kada kuma a ɗauka kowane abu yanayi ɗaya gare shi. Zaiba ƙarfe ce, amma ba ta daskarewa sai kusan digiri 39 ƙasa da sifili. Ƙarfen galiyam yana narkewa a ƙasa da digiri 30, wato a tafin hannu. Baƙin ƙarfe sai 1,538, tongstin sai 3,422, dalilin da ya sa aka yi zaren tsohon ƙwan lantarki da shi.

Wane amfani sanin duk wannan yake da shi a aikace?

Babban amfaninsa shi ne raba abubuwan da suka cakuɗe. Tunda cakuɗawa ba ta canza asalin kowannensu ba, kowane yana riƙe da siffarsa, kuma ta nan ake kamo shi. A ce an haɗa maka yashi da gishiri da garin ƙarfe. Ka bi da maganaɗisu, ƙarfe ya fita. Ka zuba ruwa, gishiri ya narke, ka tace, yashi ya tsaya. Ka ƙafar da ruwan, gishiri ya dawo. Siffa uku, mataki uku.

Manyan masana'antu ma haka suke yi. A matatar mai ana dafa ɗanyen mai ya zama tururi a cikin doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa da sanyi-sanyi a sama, kowane kashi ya koma ruwa a hawan da ya dace da zafin tafasarsa: fetur can sama, kananzir da dizal a tsakiya, kwalta a gindi. Oksijin da ake ba marasa lafiya, mai yawa daga cikinsa daga iska ake ciro shi, a sanyaya ta har ta zama ruwa, sannan a raba, tunda naitirojin na tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, oksijin kuma a 183. Masu haƙar zinare suna wanke ƙasa a faranti, ruwa ya tafi da yashi, zinaren ya kwanta saboda densitinsa. A asibiti ana juya jini da gudu a na'ura, jajayen ƙwayoyi su taru a ƙasa, ruwan jinin ya tsaya a sama.

Sake sarrafa ƙarafa ma nan ya dogara. Ciro alminiyam daga ma'adininsa aikin sinadari ne mai cin lantarki sosai. Narkar da tsohon gwangwani kuwa sauyin zahiri ne kawai, a digiri 660, kuma yana cin kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo yake buƙata. Alminiyam ɗin da ya fito daidai yake da na farko, ana kuma iya sake narkar da shi sau da yawa ba tare da ya lalace ba.